Littafin Lefteri

Kwana shida ke nan jirgin ruwa bai zo ba.
Fulawa ta kai gindin buhu,
wasiƙu na can Piraeus suna jiran iska ta huce,
mu ashirin da uku muna nan kan dutse
kamar gishirin da teku ta manta.

Gari bai waye ba na ji sandar Lefteri
tana ƙirga matakalar ƙofata.
"Stamatiya, taso. Iska ta juya cikin dare,
daga kudu take. Gwiwata ce ta gaya min."

Shekara arba'in da ɗaya yana rubuta masu zuwa.
Littafin ya sha ruwan gishiri, ya sha kofi,
bangonsa ya yi laushi kamar kunnen akuya.
Bana yana ta rufe masa sararin sama,
sai na zama idonsa.
Bakinsa kuwa, wannan bai taɓa yin yana ba.

Muka hau ta bayan coci,
ta gonar zaitun da magada suka watsar,
inda ɓaure bai gama shawarar yin toho ba.
Sanyi na cizon yatsu,
madubin hangen nesa na ta yin raɓa.

"Me kika gani?"
"Ruwa."
"Bayan ruwan fa?"
"Wani ruwan."
"To, jira."

Can sai ga ɗigo, ƙasa-ƙasa,
yana shafar kan igiyar ruwa,
ya ɓace, ya fito, ya sake ɓacewa,
wutsiya a rabe kamar almakashin tela.
"Tsattsewa!"
"Nawa?"
"Ɗaya tak."
"Ɗaya ma lissafi ce. Rubuta:
tara ga Maris, bakwai saura kwata.
Ta riga ta bara zuwa da kwana huɗu."

Daga nan sama ta ɓalle.
Zalɓe uku, wuya a naɗe, ƙafa a miƙe.
Shaho guda, yana sauri kamar ana bin sa bashi.
Alhudahuda ya sauka kan katangar maƙabarta,
ya buɗe tukku, ya rufe,
kamar ya duba sunayen bai ga na kowa nasa ba.
Sai wasu ƙanana masu launin ƙasa
da suka zube cikin ƙaya ba sallama.
Lefteri ya karkata kai, ya ji "tsit" ɗaya,
ya faɗi suna. Na musa.
Ya ce in kai kunnena a wanke.

A hanyar dawowa, gindin katanga,
na tsinci wadda ta iso amma ba ta kai ba.
Da sauran ɗuminta.
Nauyinta bai fi cokalin sukari biyu ba,
ƙirjin duk ƙashi, tsini kamar bakin wuƙa.
Ta ƙone kitsenta kaf a kan hamada da teku,
ta zo ta ƙare taku goma daga kwamin ruwa.
Na ɗora masa a tafin hannu.
Ya daɗe yana bin fiffiken da babban yatsa.
"Ita ma rubuta ta," ya ce.
"Ai ta zo."

Ɗana Fotis ya ce sai Ista.
Haka ya ce bara.
Jirgi mai inji biyu da jikin ƙarfe
yana tsoron ruwan nan,
abin da bai kai nauyin wasiƙa ba
ya ƙetare shi cikin duhu.
Wannan ban sa shi a littafi ba.

Da yamma na buɗe tagar ɗakin ajiya
inda sheƙar laka ta bara ke manne da azara,
na kori kyanwa,
na tokare tagar da dutse kada iska ta rufe.
Lefteri, daga ƙofarsa, yana ɗaga murya:
"Gobe biyar da rabi!
Kuma ki zo da fensir na kirki,
wannan naki yagar takarda kawai ya iya."